Donald Winnicott: Likitan da ya mayar da wasa maganin damuwar yara

Fiye da shekaru 50 ke nan da rasuwar Donald Winnicott, likitan yara ɗan ƙasar Birtaniya wanda ya shafe shekaru 40 yana duba ƙananan yara a wani asibiti da ke birnin Landan. Har yanzu ana karanta rubuce-rubucensa a duk inda ake horar da masu kula da yaran da ke fama da firgici, ko fitsarin kwance, ko sata, ko ƙiriniyar da ta gagari iyaye.

An haifi Donald Woods Winnicott ne a ranar 7 ga watan Afrilun shekara ta 1896 a garin Plymouth da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa, John Frederick Winnicott, attajiri ne wanda ya riƙe muƙamin magajin garin har sau biyu, aka kuma ba shi sarautar Sir a shekara ta 1924. Gidansu gidan Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Methodist. Donald ne auta, kuma shi kaɗai ne namiji, saboda haka ya tashi ne a tsakiyar mata: mahaifiyarsa, da yayyensa biyu, da mai reno, da sauran matan gidan. Daga waje gida ne na wadata da annashuwa. To sai dai mahaifiyar tasa mace ce mai yawan shiga baƙin ciki, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya nuna cewa tun yana ƙarami ya ɗauki faranta mata rai tamkar wani aiki da aka ɗora masa.

Akwai wani abu da ya faru yana da kimanin shekaru 3 wanda bai taɓa mantawa da shi ba. Yayyensa na da wata 'yar tsana da aka yi da kaki, mahaifinsa kuma kan riƙa zolayarsa da ita har abin ya ishe shi. Wata rana sai ya ɗauki wata gudumar katako ta wasan ƙwallo ya rotse hancin 'yar tsanar. Mahaifin bai doke shi ba. Ashana ya ɗauko, ya riƙa kunna ta ɗaya bayan ɗaya yana ɗumama kakin, har ya sake gyara hancin, fuska ta koma yadda take. Yaron ya ga cewa ɓarnar da ya yi ta gaske ce, ya kuma ga cewa ba ta kawo ƙarshen duniya ba. Duk wanda ya bi diddigin aikin Winnicott zai riƙa cin karo da wannan 'yar tsana a wurare da yawa.

A shekara ta 1910 aka tura shi makarantar kwana ta Leys da ke Cambridge, bayan da mahaifinsa ya ji wata kalmar banza ta fito daga bakinsa a wajen cin abinci, ya kuma yanke cewa yaron ya fara bin abokan banza. A can ne ya karya ƙashin kafaɗarsa a filin wasa. Yana kwance a ɗakin jinya sai ya lura cewa zai ƙare rayuwarsa yana dogaro da likitoci, kuma hanya ɗaya ta kuɓuta ita ce shi ma ya zama likita. Ya shiga jami'ar Cambridge a shekara ta 1914, shekarar da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, ya kuma rasa abokai da dama a wannan yaƙi. A 1917 ya shiga rundunar sojan ruwa a matsayin ɗalibin likita a wani jirgin yaƙi, sannan ya kammala karatunsa a asibitin St Bartholomew da ke Landan a shekara ta 1920.

Ɗan ƙarfe a kan tebur

Shekara ta 1923 ita ce ta tsara masa sauran rayuwarsa. A cikinta ya auri Alice Taylor, wata mai sana'ar ginin tukwane, ya sami aiki a asibitin yara na Paddington Green da wani asibitin yaran a unguwar Hackney, ya kuma fara zama a gaban James Strachey, mutumin da ya fassara littattafan Sigmund Freud zuwa Turanci, domin a binciki tasa zuciyar. Shekaru 10 ya yi yana wannan zama. Ita dai hanyar Freud ta ginu ne a kan magana: majinyaci ya kwanta ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, likita kuma ya saurara ya gano abin da ke ɓoye. Amma yaro ɗan shekara 3 ba ya iya kwanciya ya ba da labarin damuwarsa, balle jariri.

A asibitin Paddington Green iyaye mata, akasarinsu talakawa, kan kawo yara da ƙorafi iri-iri: rashin cin abinci, rashin barci, asma, kukan da ba ya tsayawa. Sau da yawa Winnicott kan duba jikin yaro ya tarar babu wata cuta. An ƙiyasta cewa a tsawon aikinsa ya ga iyaye da yara kimanin 60,000, abin da ya ba shi wata gogewar da babu wani almajirin Freud na zamaninsa da ya samu.

Daga cikin dabarunsa na farko akwai wadda ya bayyana a wata maƙala ta 1941. Yakan ajiye ɗan ƙarfen nan mai ƙyalli da likita ke danne harshe da shi a gefen tebur, sai ya sa uwa ta zauna da jaririnta a cinya, ɗan wata 5 zuwa wata 13, ya kuma roƙe ta kada ta sa baki. Jariri mai lafiya yakan miƙa hannu, sai ya tsaya cak, ya dubi uwarsa, ya dubi likita, kamar mai neman izini. Idan ba a matsa masa ba, a hankali sai yawu ya fara zuba, ya ɗauki ƙarfen ya kai baki, ya buga shi a tebur, wani lokaci ya yi kamar yana ciyar da likitan da shi. A ƙarshe sai ya jefar da shi ƙasa, a miƙa masa ya sake jefarwa, har ya gama da shi. Winnicott ya fi mayar da hankali ne ga wancan lokaci na jinkiri. Ya lura cewa idan aka yi ƙoƙarin cusa wa jaririn ƙarfen a baki kafin ya shirya, kuka da turjiya ake samu. Jaririn da ke cikin damuwa kuwa yakan daɗe bai taɓa ƙarfen ba, ko ya kasa kai wasan ƙarshe.

Ya kuma ba da labarin wata jaririya 'yar shekara 1 da ke yawan suma da jijjiga, ba ta wasa ko kaɗan, kullum cikin kuka. Ya ɗora ta a cinyarsa, ta ciji yatsansa har ta kusa fasa fata, bai janye ba kuma bai tsawata mata ba. Daga nan ta shiga cizon 'yan ƙarafan tana jefar da su, bayan wasu zuwa kuma ta fara wasa da yatsun ƙafarta cikin nishaɗi. A rahotonsa, jijjigar ta tsaya daga wannan lokaci. Likitocin yau za su so a yi wa irin wannan yarinya gwajin farfaɗiya kafin komai, kuma suna da gaskiya. Amma abin da shi ya ɗauka daga wajenta shi ne cewa yaron da ya daina wasa yaro ne da ya kamata a damu da shi.

Ba shi ne ya fara amfani da wasa wajen jinyar yara ba. Melanie Klein, wadda ta fara aikinta a Budapest da Berlin ta kuma koma Landan a 1926, ita ce ta shahara da ajiye wa yaro ƙananan kayan wasa, mutum-mutumi da motoci da dabbobi, tana fassara abin da ya yi da su kamar yadda ake fassara mafarki. Margaret Lowenfeld ta buɗe asibitinta na yara masu wuyar sha'ani a Landan a 1928, inda yara ke gina duniyarsu a cikin faranti mai yashi. Winnicott ya koyi aiki a ƙarƙashin Klein na tsawon shekaru, har ma shi ta miƙa wa ɗanta domin jinya. Da Anna Freud ta iso Landan tare da mahaifinta a 1938, suna gudun mulkin 'yan Nazi, sai wata zazzafar muhawara ta ɓarke tsakanin magoya bayanta da na Klein, wadda ta kusa raba ƙungiyar masanan gida biyu a tsakiyar yaƙi. Ana ba da labarin cewa a wani zama da gardama ta yi zafi, Winnicott ne ya miƙe ya tunatar da mahalarta cewa jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a waje, amma babu wanda ya kula shi. Bai shiga ko wane ɓangare ba, ya kasance cikin 'yan ba-ruwanmu, kuma daga baya ya shugabanci ƙungiyar sau biyu, daga 1956 zuwa 1959, da kuma daga 1965 zuwa 1968.

Yaran da aka kwashe daga birane

A farkon watan Satumban 1939, da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, gwamnatin Birtaniya ta kwashe mutane kimanin miliyan 1.5 daga manyan birane zuwa ƙauyuka cikin 'yan kwanaki, fiye da rabinsu 'yan makaranta ne da suka tafi ba tare da iyayensu ba. A watan Disamban wannan shekara Winnicott da wasu likitoci biyu, John Bowlby da Emanuel Miller, suka rubuta wasiƙa zuwa mujallar likitocin Birtaniya suna gargaɗin cewa raba yara 'yan ƙasa da shekaru 5 da iyayensu mata na iya haddasa musu illar da za ta daɗe.

Ba a jima ba gargaɗin ya tabbata har ga waɗanda suka girmi haka. Wasu yaran sun zauna lafiya a gidajen da aka ba da riƙonsu, amma wasu suka shiga fitsarin kwance, da sata, da gudu, da ƙona tarin ciyawar manoma, har masu riƙon suka ce sun gaji. Aka buɗe musu gidajen kwana na musamman, aka kuma naɗa Winnicott likita mai ba da shawara ga irin waɗannan gidaje a gundumar Oxfordshire, inda yakan je sau ɗaya a mako. A can ne ya haɗu da Clare Britton, jami'ar jin daɗin jama'a da ke kula da gidajen guda 5 yau da kullum.

Wannan aiki ya rage masa girman kai, kamar yadda shi da kansa ya amsa daga baya. Ya zo yana ganin cewa hirar da zai yi da yaro ita ce magani, sai ya tarar cewa ainihin jinyar tana faruwa ne a wajen mai dafa abinci da ke kawo shi a kan lokaci, da gado mai ɗumi, da ma'aikacin da yaro ya zaga jiya amma yau da safe ya same shi yana nan bai tafi ba.

Akwai wani yaro ɗan shekara 9 a cikinsu wanda tun yana da shekaru 6 yake gudu daga gida. Ya gudu daga gidan kwanan ma, daga baya aka same shi a wani ofishin 'yan sanda kusa da gidan Winnicott, sai Alice ta ɗauke shi suka riƙe shi wata 3. Da farko sun sakar masa mara: duk lokacin da zai fita sai a ba shi sule ɗaya, in ya ɓata ya buga waya a je a ɗauko shi daga duk ofishin 'yan sandan da ya faɗa. Da ya daina gudu sai ya juyo da fitinar cikin gida, ya mayar da zaman nasu azaba. Winnicott bai taɓa dukansa ba, amma bai ɓoye cewa ya sha kusa yin haka ba. Idan abin ya kai maƙura, dare ne ko rana, sai ya ɗaga yaron cak ya ajiye shi a bakin ƙofa ta waje, ya kuma gaya masa ƙarara cewa abin da ya yi ya sa ya ji ƙinsa a zuciya. Akwai wata ƙararrawa ta musamman da yaron zai kaɗa idan ya huce, a buɗe masa ya shigo, ba kuma za a sake tayar da zancen ba. Kullum sai ya kaɗa ta.

Mai karatu na yau zai iya yamutsa fuska a kan ajiye yaro a waje cikin dare, kuma labarin bai ƙare da daɗi ba, domin daga bisani an kai yaron gidan horon kangararru. Amma maƙalar da Winnicott ya gabatar a kansa a 1947 ta faɗi abin da iyaye da malamai da yawa ke jin kunyar faɗa: mai kula da yaro mai wuya yakan ji haushinsa har cikin rai, kuma wanda ya san yana jin haushin ya fi wanda ke musu iya riƙe hannunsa.

Daga wannan gogewa ce ya fito da ra'ayin da ya fi jawo masa suna da kuma suka, wanda ya rubuta a 1956 ya kuma maimaita a gaban jami'an gidajen horon matasa a 1967. A ganinsa, yaron da ya fara sata ko fashe-fashe sau da yawa yaro ne da ya taɓa samun kulawa mai kyau, sai ya rasa ta a lokacin da ya isa ya san ya yi rashi: mutuwar uwa, ko rabuwar aure, ko haihuwar ƙane, ko doguwar jinya. Muddin ya fid da rai, zai zauna shiru, a ma riƙa yabonsa da ladabi. Ranar da ya fara ganin alamar cewa wani zai iya kula da shi, ranar ce zai fara ɗauke-ɗauke, domin abin da yake nema ba shi ne kuɗin ko alawar da ya ɗauka ba. Mai ɓarna kuma yana gwada katangar gidan ne, ya ga ko za ta iya ɗaukarsa. Shi ya sa ya kira wannan hali alamar fata. Ya kawo misalin wata uwa da ta kawo masa kukan ɗanta mai sata, ya ba ta shawarar ta sami lokacin natsuwa ta gaya wa yaron cewa ta san ƙaunar iyayensa yake nema, wadda hakkinsa ce. Ta yi hakan, ta kuma rubuto masa bayan watanni cewa satar ba ta dawo ba.

Bai ce a bar laifi ya wuce ba, bai kuma ce kowace sata haka take ba. Ya yarda cewa kotu na da nata aikin, kuma idan aka bari halin ya daɗe har yaro ya fara cin ribarsa, gyaran kan yi wuya ƙwarai. Abin da ya nace a kai shi ne a gane saƙon da wuri. Clare Britton da shi kansa sun ba da shaida a gaban kwamitin Curtis, wanda rahotonsa na 1946 ya share fagen dokar kula da yara ta 1948 a Birtaniya. Aurensa da Alice, wanda ya daɗe cikin wahala, ya mutu, ya kuma auri Clare a 1951. Bai haihu ba a duka auren biyu.

Tsumma, takarda da fensir

Tsakanin 1943 da 1962 Winnicott ya gabatar da jawabai sama da 50 a gidan rediyon BBC, mafi yawansu ga iyaye mata, cikin harshe mai sauƙi. Ya guji ba su umarni. Ya fi son nuna musu cewa sun riga sun san 'ya'yansu fiye da kowane likita, kuma yaro ba ya buƙatar uwar da ba ta kuskure. Uwar da ke biya masa buƙata daidai gwargwado, ta kuma riƙa gazawa kaɗan-kaɗan yayin da yake girma, ita ce ke koya masa jure wa duniya.

A 1951 ya gabatar da maƙalarsa mafi shahara, a kan wani abu da kowace uwa ta sani amma masana ba su ɗauke shi da muhimmanci ba: ɗan tsumma ko bargo ko 'yar tsanar da yaro ke maƙalewa, ba ya barci sai da shi, ba ya kuma yarda a wanke shi. Ya ce wannan abu gada ce tsakanin jikin uwa da duniyar waje, kuma daga nan ne wasa ke tsirowa. Uwa a Karaye ko Rogo ba ta buƙatar a fassara mata wannan, domin ta ga yadda yaron da aka kai yaye gidan kaka ke riƙe zanen goyonsa yana shinshina. Haka nan ta san tuwon ƙasa da 'yan mata ke tuƙawa a gwangwani, da shanun laka da motocin kara da yara maza ke ƙerawa bayan girbi. A ma'aunin Winnicott waɗannan ba ɓata lokaci ba ne, kuma yarinyar da ke dukan 'yar tsanarta tana maimaita kalmomin da ta ji a tsakar gida tana ba da labari ne ga duk mai kunnen ji. Musulmi ma na da abin tunawa a nan: ya tabbata a hadisai cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya taɓa tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa.

Ga yaran da suka ɗan tasa, dabararsa ita ce wasan cike zane. Yakan zauna da yaro da tarin takardu da fensir biyu, ya rufe ido ya ja wani layi kara-zube, ya ce wa yaron ya mayar da shi wani abu. Daga nan yaron ya ja nasa layin, likita ya cike. Babu maki, babu daidai ko kuskure. Zane bayan zane, cikin sa'a ɗaya, sai hira ta gangaro kan mafarkai da abin da ke ci wa yaron tuwo a ƙwarya. Ya ƙirƙiro wannan ne saboda ya san yawancin iyalai ba su da halin kawo yaro sau 5 a mako na tsawon shekaru, don haka dole a ci moriyar zama ɗaya ko biyu.

Misalin da ya buɗe littafinsa na 1971 da shi, mai ɗauke da labaran yara 21, ya faru ne a wani asibiti a garin Kuopio na ƙasar Finland. Yaron ɗan shekara 9 ne da watanni, an haife shi da yatsun hannu da na ƙafa a manne, an kuma yi masa tiyata sau da dama ba tare da ya taɓa yin ƙorafi ba. Ba ya jin Turanci, likitan ba ya jin harshensa, sai da tafinta. Winnicott ya ja layi, yaron ya dube shi ya ce ƙafar agwagwa ce. Suka ci gaba, agwagi suka yi ta fitowa a takarda. Winnicott bai yi gaggawar ce masa kai ne agwagwar ba. A hankali abin ya bayyana: yaron yana son a gyara masa hannu, har yana burin busa sarewa, amma kafin nan yana son ya tabbata ana ƙaunarsa yadda aka haife shi. Da likitan ya zauna da mahaifiyar sai ta bayyana cewa ita ma da irin wannan lalura aka haife ta, kuma jin cewa ita ta gadar masa ne ya sa take ta kai shi tiyata.

A nan ne ya rabu da malamarsa Klein. Ita abin da wasan ke nufi take nema, ta kuma faɗa wa yaron. Shi kuwa ya kai ga cewa wasan kansa magani ne, aikin likita shi ne ya kai yaron da ba ya iya wasa ga iya yin sa, kuma lokacin da ya fi amfani shi ne wanda yaro ya gano wani abu da kansa har ya yi mamaki. Yana da shekaru kusan 70 yana zama a ƙasa yana wasa da wata yarinya da aka fara kawo masa tana da shekaru 2 da wata 4, wadda ta shiga firgicin dare bayan an haifa mata ƙanwa. Sau 16 ya gan ta tsakanin 1964 da 1966, kuma sai lokacin da ita ta nemi zuwa. Yana da al'adar naɗe takarda ya yi wa yaro ɗan jirgi ko mafici ya tafi da shi gida.

Inda aka yi masa gyara

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. Ya danganta lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, da gazawar reno a farkon rayuwa, ra'ayin da bincike ya rushe, bayan ya ɗora wa iyaye mata da yawa laifin da ba nasu ba. An soke shi da cewa uba bai cika fitowa a rubutunsa ba, kuma gidan da yake hange shi ne na uwa ɗaya da jaririnta, ba gida irin na ƙasar Hausa ba inda kaka da goggo da yaya da abokiyar zama duk ke da hannu a reno. Hujjojinsa labaran majinyata ne da shi ya zaɓa ya rubuta, ba gwaji mai ƙididdiga ba. Akwai kuma batun Masud Khan, ɗan asalin yankin Punjab, wanda ya yi jinya a hannunsa ya kuma zama mai tace littattafansa, daga baya aka same shi da cin amanar majinyata, aka kuma kore shi daga ƙungiyar a 1988. Masu tarihi da dama na ganin Winnicott ya yi sakaci a kansa. A ɗaya ɓangaren kuma, tun a shekarun 1940 ya fito fili ya yi adawa da tiyatar yanke wani sashe na ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali, a lokacin da ake yayinta.

Jinya ta hanyar wasa ta bunƙasa ta wasu hanyoyin bayansa, musamman a Amurka inda littafin Virginia Axline na 1947 ya kafa tsarin barin yaro ya jagoranci wasan. A Nijeriya an fi ganin burbushin wannan tunani a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri da kewaye, inda asusun UNICEF da wasu ƙungiyoyi suka keɓe wuraren zane da wasa domin yaran da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Tambayar da ya yi fama da ita a Oxfordshire kuwa, wato yadda za a yi da yaron da ya gagara, ta taso da ƙarfi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, daga wasu gidajen mari a Kaduna da Daura, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa da kansu suka kai 'ya'yan, saboda ba su ga wata ƙofar ba. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Winnicott ya fara fama da ciwon zuciya tun a 1949, jim kaɗan bayan rasuwar mahaifinsa. Ya yi ritaya daga Paddington Green a 1963 amma bai daina aiki ba. A watan Nuwamban 1968 ya je birnin New York ya gabatar da wata maƙala da ke cewa yaro ba ya iya amfana da mutum sai ya kai masa hari a zuci ya kuma ga ya tsira bai rama ba. Masanan da suka saurare shi suka yi masa ca, lokaci ya ƙure bai sami damar mayar da martani ba. Bayan taron ya kwanta da mura mai tsanani wadda ta taɓa zuciyarsa, ya yi makonni a asibiti kafin ya iya komawa gida.

Ya rasu a gidansa da ke Landan a watan Janairun 1971 yana da shekaru 74. Littafinsa a kan wasa ya fito a wannan shekara, ya kuma sadaukar da shi ga majinyatansa, waɗanda ya ce sun biya kuɗi domin su koyar da shi. Clare ta ci gaba da tattara takardunsa tana bugawa, ciki har da labarin yarinyar nan mai firgicin dare da ya fito a 1977, har zuwa rasuwarta a 1984.